Yaron ɗaya ne, me ya sa jinyarsa ta rarrabu?

Asibiti kamar yadda muka san shi an tsara shi ne domin cutar da ke zuwa ta wuce. Zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro, a ɗibi jini a gwada, a ba da magani, bayan kwana uku a sallame shi, an rabu ke nan. Ƙofofin asibitin da katunansa da ranakun ganin likita, har da yadda ake horar da ma'aikatansa, duk a kan wannan awo aka yanka su. Sai dai akwai yaran da lalurarsu ta zo zama: wanda ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni wajen haihuwa, da mai sikila da ɓarin jikinsa ya shanye yana ɗan shekara bakwai, da wanda sanƙarau ya bari da kurumta, da wanda aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa. A shekarar 2021 asusun UNICEF ya ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 240 ne ke rayuwa da wata naƙasa a duniya, wato kimanin ɗaya cikin goma. Waɗannan ba sallama suke jira ba. Buƙatarsu kulawa ce da za ta bi su shekara da shekaru, ta ƙara musu iya zama da iya ci da iya magana da iya zuwa makaranta, gwargwadon abin da jikinsu zai ɗauka. Hujjar da nake son kafawa ita ce, irin wannan kulawa ta fi ƙarfin ƙwararre ɗaya, kuma ƙwararru goma ma ba za su iya ta ba matuƙar kowa na ɗakinsa bai san abin da ɗan'uwansa ya rubuta ba. Sai sun zauna tare a kan yaro ɗaya da buri ɗaya. Inda ma'aikata suka yi ƙaranci kuma kuɗi suka yi wuya, a nan ne wannan zama ya fi wajaba.

Mu ɗauki lalurar da ta fi kowace yawan tauye motsin yara, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da CP: sandarewa ko sakin gaɓoɓi sakamakon raunin da ƙwaƙwalwa ta samu tun tana tasowa, a cikin ciki, ko wajen haihuwa, ko a shekarun farko. Wani likitan ƙashi na Landan, William Little, shi ya fara bayyana ta dalla-dalla a tsakiyar ƙarni na 19. A ƙasashe masu arziki haihuwar bakwaini na cikin manyan dalilanta. A Najeriya kuwa binciken asibitocin koyarwa ya sha nuna cewa manyan dalilanta su ne doguwar naƙuda da ta hana jariri numfashi, da shawarar jarirai da ta yi tsanani ba a sa jaririn a fitila da wuri ba, da cututtuka irin su sanƙarau da zazzaɓin da ke hawa ƙwaƙwalwa. Raunin ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa, ba ya kuma warkewa; jikin da ke girma a ƙarƙashinsa shi ke ta canzawa. A 2012 wata masaniya 'yar Ostareliya, Iona Novak, da abokan aikinta suka tattara binciken da aka yi kan waɗannan yara, suka fitar da alƙaluma masu sauƙin riƙewa: uku cikin huɗu suna fama da ciwo, ɗaya cikin biyu yana da tawayar fahimta, ɗaya cikin uku ba ya tafiya, ɗaya cikin uku ƙashin ƙugunsa yana zamewa daga mazauninsa, ɗaya cikin huɗu ba ya magana, ɗaya cikin huɗu yana da farfaɗiya, ɗaya cikin goma ba ya gani. Rauni ɗaya ne, amma babu sashen asibitin da zai ce duk wannan jerin nasa ne.

Kuma matsalolin ba a jere suke ba, a sarƙe suke. Yaron da wuyansa ba ya tsayuwa, idan aka kwantar da shi rigingine a kan cinya aka yi masa ɗurar kunu, wani sashen kunun zai bi ta hanyar iska ya sauka huhu. Daga nan sai tari, sai nimoniya, sai kwanciya asibiti. Likitan yara zai ba da allura, ƙirjin ya washe, a sallame shi, bayan wata biyu ya dawo da irin ciwon, domin allurar ba ta taɓa yadda ake zaunar da shi wajen cin abinci ba. Cin abincin da ke ɗaukar sa'a guda yana ƙarewa da ƙwarewa da kuka yakan sa uwa ta haƙura da wuri, sai yaron ya rame. Wanda ya rame ba shi da ƙarfin atisayen da likitan gashin ƙashi ke nema, kuma likitan tiyata ba zai yarda ya sa masa wuƙa ba, don rauninsa ba zai warke da kyau ba. Maganin farfaɗiya kuma a kan nauyin jiki ake auna shi. Idan nauyin ya canza ba a gyara awon ba, ko dai jijjigar ta dawo ko yaron ya wuni yana gyangyaɗi, kuma wasu tsoffin magungunan da aka fi samu da araha, irin su fenobabiton, da ma an san su da kashe jiki. Yaro mai gyangyaɗi ba ya haɗiya da kyau. Mun dawo inda muka faro. Ƙara da taurin bayan gida, wanda ke addabar waɗannan yara ƙwarai, yana sa musu ciwon da ba su da bakin faɗa, ciwon kuma yana ƙara sandarewar gaɓoɓi. Sau da yawa abin da zai warware wannan sarƙa ba shi da tsada: kujera mai riƙe baya da kai, kunu mai ɗan kauri maimakon tsararo, ƙaramin cokali, da haƙurin jira sai an haɗiye loma kafin a ƙara wata. Amma kafin a gano haka sai likitan yara da masanin abinci da mai gyaran magana da haɗiya da likitan gashi sun dubi yaron lokaci ɗaya, ko aƙalla sun karanta rubutun juna.

A yau, a galibin asibitocinmu, wadda ke haɗa waɗannan ƙwararru ita ce uwar yaron. Ita ke goya shi daga wannan layi zuwa wancan, a ranaku daban-daban, ita ke ɗauko maganar wannan likita ta kai wa wancan da baki, a cikin kalmomin da ba lallai ta fahimce su ba. In wannan ya ce a sa masa takalmin gyaran ƙafa wancan ya ce a bari tukuna, ita za ta yanke hukunci a cikin a-daidaita-sahu. Mutane sukan ɗauka cewa in yaro ya ga ƙwararru biyar to ya samu kulawar haɗin gwiwa. Bai samu ba. Kulawar haɗin gwiwa tana da alamomi: buri guda da aka rubuta tare da iyaye, fayil guda da kowa ke rubutu a ciki yana kuma karantawa, da mutum guda da aka ɗora wa alhakin bibiyar yaron, wanda zai yi cigiya in an daina ganinsa. Burin ma ba na likita ba ne. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani tsarin auna lafiya da ya kawar da kai daga tambayar wace gaɓa ce ta lalace kaɗai, ya ƙara da tambayar me mutum ke iya yi, wace harka ce yake shiga, me ke tare masa hanya a gida da unguwa. A aikace, maimakon a rubuta cewa ana son gwiwa ta ƙara miƙewa, sai a rubuta cewa ana son nan da wata shida yarinyar ta zauna a tabarma ta ci tuwo tare da 'yan'uwanta, ko yaron ya iya nuna yana jin fitsari don a samu damar kai shi Islamiyya. Irin wannan buri shi ke gaya wa kowane ƙwararre nasa rabon aikin.

Shaida mafi ƙarfi da na sani kan amfanin wannan tsari ta fito ne daga kudancin Suwidin. A 1994 likitocin ƙashi na yara da ma'aikatan cibiyoyin kula da yara masu naƙasa na yankin suka gaji da ganin yara suna zuwa musu da ƙugun da ya riga ya goce, abin da ke jawo ciwo mai tsanani, ya karkatar da baya, ya hana zama, har tsarki ya gagara. Sai suka kafa shirin sa ido mai suna CPUP. Ba su ƙirƙiro wani sabon magani ba. Sun amince ne kawai cewa kowane yaro mai CP za a sa shi a rajista, likitan gashi zai auna gaɓoɓinsa a kan ƙa'ida iri ɗaya a lokuta sanannu, za a ɗauki hoton ƙugu gwargwadon tsananin lalurar, kuma da zarar awon ya kai wani mataki likitan ƙashi zai shigo tun ƙashin bai fice ba. Kafin shirin, kashi 8 cikin ɗari na yaran yankin ƙugunsu yakan goce gaba ɗaya. Bayan shekara goma adadin ya sauko zuwa rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Norwe da Denmak da Sikotilan duk sun kwaikwayi tsarin. Likitocin da na'urorin hoton duk suna nan tun kafin 1994. Abin da aka ƙara shi ne yarjejeniya a kan wa zai duba me, yaushe, kuma wa zai sanar.

Akwai kuma tambayar wane irin aiki ne ke amfanar yaron, kuma amsarta ita ke sa iyaye cikin tawagar dole. Novak da abokan aikinta sun sake tace bincike a 2013 da 2020, suka rarraba hanyoyin jinya zuwa masu ingantacciyar shaida da masu rauni da waɗanda ya kamata a daina. Waɗanda suka yi fice su ne waɗanda yaron da kansa ke motsawa yana maimaita aikin da ake so ya iya: ya miƙa hannu ya ɗauki kofi, ya tashi daga zaune, a ɗaure lafiyayyen hannun na ɗan lokaci don mai raunin ya yi aiki, da shirin atisayen gida da ƙwararre ke tsarawa iyaye su gudanar. Jan gaɓa da miƙar da ita yaron yana kwance bai yi komai ba shaidarsa ba ta da ƙarfi. Wannan ya saɓa wa abin da jama'armu suka saba tsammani, domin in an ce za a kai yaro gashi, abin da ke zuwa zuciya shi ne fitila mai zafi da tausa, uwa tana gefe tana kallo. Ƙwaƙwalwar yaro da maimaici take koyo, kuma rabin sa'a a asibiti sau ɗaya a mako ba ya isa. Sauran sa'o'in makon a gida suke, wajen wanka da ci da goyo da wasa da yayye. An kuma nuna a 2017 cewa ana iya gane CP, ko babban haɗarinta, tun kafin jariri ya cika wata shida. Ke nan ungozoma da ma'aikaciyar rigakafi da ke ganin jariri a watanninsa na farko su ma 'yan tawaga ne, in an koya musu abin lura: jaririn da bai yi kuka ba bayan haihuwa, wanda ya yi shawara mai tsanani, wanda wuyansa bai tsaya ba a wata huɗu zuwa biyar.

Mai karatu zai ce, wannan ai zancen Suwidin ne da Ostareliya. Mu da jiha guda ba lallai ta mallaki mai gyaran magana ko ɗaya ba, da wa za a haɗa tawagar? Ƙarancin gaskiya ne, kuma ficewar ma'aikatan lafiya zuwa ƙetare ta ƙara shi. Amma akwai amsa a Sakkwato. Cutar noma, wadda ke zaizaye kumatu da leɓe da ƙashin fuskar yara 'yan shekara biyu zuwa shida da yunwa ta raunana, tana kashe kusan tara cikin goma na waɗanda ba su samu magani ba. Asibitin yara masu noma na Sakkwato, wanda aka kafa a 1999 kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa masa tun 2014, ba tiyata kaɗai yake yi ba, domin tiyata kaɗai ba ta wadatarwa. Yaron da ya tsira yakan zo a rame, sai an ciyar da shi ya murmure kafin a yi masa aiki. Tabon cutar yakan ɗaure muƙamuƙi baki ya kasa buɗuwa, kuma ko likita ya sake shi, in ba a bi da atisayen buɗe baki na watanni ba sai ya koma ya rufe. Yaron da ya yi shekaru yana ɓoye fuska da mayafi, takwarorinsa suna gudunsa, yana buƙatar mai lallashi da ba da shawara, shi da mahaifiyarsa. Ga kuma masu shiga ƙauyuka suna nemo marasa lafiya da bibiyar waɗanda aka sallama. A Damagaram ma ƙungiyar Sentinelles tana irin wannan aiki tun shekarun 1990. A Disambar 2023, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Wani zai ce ai da kuɗin waje ake yi. Haka ne, amma yaran da ake yi wa aikin na matalautan ƙauyukan arewa maso yamma ne, mafi yawan ma'aikatan yau da kullum kuma 'yan ƙasa ne.

Amsa ta biyu ita ce tawaga ayyuka ce, kuma mutum ɗaya yana iya riƙe biyu ko uku in an horar da shi ana kuma duba aikinsa. Murɗaɗɗiyar ƙafa misali ce. Hanyar da Ignacio Ponseti ya tsara a jami'ar Iowa ta Amurka, ta lanƙwasa ƙafar jariri a hankali ana sa siminti mako-mako har wajen sau biyar ko shida, sannan a ɗan tsaga jijiyar agara, tana gyara fiye da tara cikin goma ba tare da babbar tiyata ba. A Yuganda da Malawi jami'an lafiya da ba likitoci ba ne aka koya wa, suka kuma yi ta da kyau. Inda ake faɗuwa shi ne bayan an cire simintin: dole yaron ya sa wani takalmi mai sanda a tsakani kusan dare da rana har wata uku, sannan da dare har ya kai shekara huɗu ko biyar, kuma barin takalmin nan shi ne babban dalilin dawowar murɗewar. Ashe mai zama da iyaye yana yi musu bayani, yana kiransu a waya, da mai ɗinka takalmin a sabon awo duk lokacin da ƙafa ta girma, nauyinsu a sakamakon bai gaza na mai sa simintin ba. A Gana an gwada wani shiri da masana na makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan suka tsara, inda iyayen yara masu CP ke haɗuwa rukuni-rukuni wata-wata suna koyon zaunarwa da ciyarwa da wasa da sadarwa, kuma an ga ilimin iyayen da jin daɗin rayuwarsu sun ƙaru. Tun 1987 ma David Werner ya wallafa littafin da ya nuna, daga aikin wani ƙauye a Meziko, yadda ake haɗa kujeru da sandunan koyon tafiya da katako da kayan da ke hannu.

Sikila ta nuna wata fuskar. Ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita a Najeriya duk shekara, fiye da kowace ƙasa, kuma in ba a yi rigakafi ba kimanin ɗaya cikin goma zai samu shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara ashirin. A 1998 bincike a Amurka ya nuna cewa in aka auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa da wata na'ura da ake ɗorawa a gefen kai, aka ware yaran da ke cikin haɗari aka riƙa ƙara musu jini wata-wata, haɗarin yana raguwa da kusan kashi 90 cikin ɗari. Ƙarin jini duk wata ba abu ne mai yiwuwa ga yawancin iyalanmu ba, don haka likitoci a asibitin koyarwa na Aminu Kano da asibitin Murtala da asibitin Barau Dikko na Kaduna, tare da jami'ar Vanderbilt, suka gwada ƙwayar haidiroksiyuriya a maimakonsa, sakamakon da aka wallafa a 2022 kuma ya nuna tana ba da kariya ko a ƙaramin awo. Wannan nasara ce ta gida. Amma bayan shanyewar da ido ke gani, kusan ɗaya cikin uku na yara masu sikila suna samun ƙananan toshewar jijiya a ƙwaƙwalwa da ba sa nuna alama a hannu ko ƙafa. Alamarsu a aji take fitowa: yaro ya fara mantuwa, lissafi ya gagare shi, a kira shi daƙiƙi ko malalaci, a yi masa bulala. Wanda zai fara lura da wannan malamin makaranta ne, mutumin da babu wata takarda da ke haɗa shi da likitan jini. Dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi ilimi ga waɗannan yara, ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika, kuma duk mai shiga makarantun firamare ya san matakala da masai na nan yadda suke.

Sai batun kuɗi. Akwai masu cewa, a ƙasar da maleriya da gudawa da tamowa ke kashe yara, wannan kulawa ta jira tukuna. Hujjar tana da nauyi, amma tana ɗauka cewa yaran kashi biyu ne, alhali su ɗin ne dai. Bincike a yankin Iganga na Yuganda ya sami kusan yara uku cikin dubu da CP, kuma da aka bibiye su an ga mutuwarsu ta ninka ta sauran yara sau 25, galibi ta hanyar cututtukan da kowa ya sani, waɗanda rama ke ƙara wa ƙarfi. Wanda ke son rage mutuwar yara ba zai tsallake su ba. Haka nan duk ci gaban da aka samu wajen ceto bakwaini da jariran da suka sha wahalar haihuwa yana ƙara yawan waɗanda suka tsira da rauni, kuma ceton da aka tsaya a ƙofar ɗakin jarirai rabin aiki ne. Rarrabuwar kulawa ita ma tana cin kuɗi, sai dai daga aljihun iyaye take ci, shi ya sa ba ta fitowa a kasafi: kuɗin mota sau huɗu maimakon sau ɗaya, gwajin da aka maimaita don sakamakon farko yana wani fayil, kwanciyar nimoniya da kujera za ta hana, babbar tiyatar ƙugu da hoto ɗaya a shekara zai kauce mata, sana'ar uwa da ta tsaya. A 2020 wani nazari a mujallar Lancet ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 2.4 a duniya na da lalurar da irin wannan kulawa za ta amfana, kuma a Mayun 2023 babban taron lafiya na duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko da ke neman ƙasashe su sa ta cikin tsarin lafiyarsu tun daga matakin farko.

Ƙorafin da na fi ɗauka da muhimmanci daga wani gefe yake. Idan aka ce iyaye 'yan tawaga ne, a aikace uwa ake nufi, kuma abu ne mai sauƙi a fake da wannan kalma mai daɗi a jibga mata aikin da asibiti ya kasa. Likitan gashi ya ba ta atisaye biyar, masanin abinci ya ba ta jadawali, mai gyaran magana ya ƙara nasa, ga girki ga sauran yara ga goyon ɗan shekara takwas da ya karya mata baya. In yaron bai ci gaba ba a ce ba ta yi abin da aka ce. Wasu ma a wannan hali ake yi musu gori a gidan miji, a ce daga danginsu abin ya fito, har aure ya mutu. Wannan haɗari ne na gaske, kuma tawagar da ba ta zama tare ita ta fi faɗa masa, don babu wanda ya san jimillar abin da aka ɗora mata. Tawagar kirki takan zaɓi buri biyu, ta saƙa atisayen cikin aikin da da ma ake yi, ta nemi uba ya zo ya ji da kunnensa, ta koya wa kaka ko yaya, ta kuma tambayi uwar yadda take barci da halin da zuciyarta ke ciki, domin damuwa mai tsanani ta yawaita a tsakanin masu irin wannan reno. Akwai kuma tsoron cewa abin da kowa ke da hannu a ciki babu mai shi. Shi ya sa na ce dole a ambaci sunan mutum ɗaya a fayil. Taron da aka tashi ba a san wa zai kira iyayen ba hira aka yi.

Wasu iyayen tambayarsu ɗaya ce: zai warke? Idan aka ce a'a, sai su ga babu amfanin zirga-zirgar, su koma wajen mai alƙawarin warkarwa, mai hayaƙi ko mai cewa yaron ɗan ruwa ne ko iska ce ta taɓa shi. Ba na ganin wautarsu. Mutumin da ƙwararru biyar suka gaya masa magana biyar, babu wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani cikin Hausa, dole ya bi wanda ya yi masa magana ɗaya da tabbaci. Tawaga mai murya ɗaya tana iya faɗin gaskiya ba tare da yanke ƙauna ba: raunin ba zai gushe ba, amma yawancin yaran da suka iya zama da kansu kafin shekara biyu suna yin tafiya, wanda ba zai yi tafiya ba kuma yana iya rabuwa da ciwo, ya yi ƙiba, ya nuna abin da yake so da ido ko da allon hotuna, kuma rashin magana ba ya nufin rashin hankali. Yarda da ƙaddara ba ta taɓa hana neman magani ba, kuma limamin da ya faɗi haka a kan mumbari, ya ƙara da cewa wannan yaro ɗan Adam ne mai haƙƙi, ya yi wa tawagar aikin da babu likitan da zai iya.

Abin da za a fara da shi bai wuce ƙarfin asibitocin da ke da sashen yara da sashen gashi ba, kuma a Kano kaɗai ga asibitin ƙashi na Dala ga jami'ar Bayero da ke yaye likitocin gashi. A ware rana ɗaya da iyali za su ga kowa a zuwa ɗaya, a ba uwa littafi guda da za ta riƙe kowa ya rubuta a ciki, a buɗe rajista ko da ta takarda ce, a koya wa ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi alamomin da za su sa su turo jariri. A kuma faɗaɗa tawagar zuwa wajen asibiti. Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a 2020, amma waɗanda cutar ta bari suna nan, kuma a Kano wasunsu sun daɗe suna ƙera kekunan guragu na hannu a shagunan walda. Sun fi kowa sanin inda kujera ke cin fata. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar cewa keken guragu sai an auna mai shi, an daidaita masa, an koya masa amfani da shi, an kuma bibiye shi. Keken manya da ake rabawa a taron siyasa, in aka ɗora yaro mai CP a kai, zamewa zai yi, bayansa ya ƙara karkata, gyambo ya fito masa a mazaunai. Nasa sai likitan gashi ya auna, kafinta ko mai walda ya ƙera da madogarar kai da ta gefe da ɗan tebur a gaba, a kuma sake awon duk shekara saboda yaron yana girma.